Sanƙarau a jariri ba ya sanƙarar da wuya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu ja hankalin iyaye, ungozomomi, wanzamai da abokan aikinmu na asibitoci a kan wani nau'in sanƙarau da ba a cika jin maganarsa a rediyo ba.

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya zafin bazara ya kunno kai, sai a shiga faɗakarwa: a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi, wanda wuyansa ya sanƙare a garzaya da shi asibiti. Faɗakarwar daidai take. Wanda ya ga annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ba sai an tuna masa ba. An kuma samu ci gaba, daga allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi a ƙasar nan a 2011 zuwa Men5CV, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024. Sai dai duk wannan zancen yara ne da manya. Jaririn da bai cika kwana 28 ba nasa sanƙarau daban ne. Ba ya jiran bazara, waɗannan allurai ba su shafe shi ba, kuma sau da yawa wuyan jaririn laushi yake har rai ya yi halinsa. Sunan ciwon da kansa yana cikin abin da ke yaudarar mutane.

Abin yana farawa ne daga shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Idan hakan ya bayyana cikin awa 72 na farko, galibi daga jikin uwa aka ɗauko, misali faya ta fashe aka yi sama da awa 18 ba a haihu ba, ko uwar ta yi zazzaɓi a kan gwiwa. Wanda ya bayyana bayan kwana uku shi ne mai zuwa a makare, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin ya fi yawan haurawa zuwa mayafin ƙwaƙwalwa. Akasarin ƙwayoyinsa daga kewayen jariri suke fitowa: hannun da ya ɗauke shi, tsumman da aka ɗora masa a cibiya, askar da ta taɓa shi, ko kanula, wato siririn bututun ƙarin ruwa, da ta daɗe a jijiyarsa a asibiti. Waɗanda aka fi gani a ɗakunan gwajin ƙasar nan su ne Kilebsiyela, Istafilokokus da I-kolai, sai kuma Istireftokokus rukunin B. Garkuwar jikin jariri ba ta nuna ba, shingen da ke tsakanin jininsa da ƙwaƙwalwarsa ma bai yi ƙwari ba. Bakwaini ya fi kowa shiga haɗari, saboda yawancin kariyar da uwa ke ba ɗa ta mabiyiya a watanni ukun ƙarshe na ciki take wucewa, shi kuwa ya fito kafin ya karɓi rabonsa.

Yanzu a dubi abin da ke faruwa a gidajenmu daga kwana na uku zuwa ranar suna. Ana gasa cibiya da tsumma, wasu su shafa man goge baki, man zafi ko toka. Wanzami ya zo cire belu, ya yi aski, wani wuri har da tsaga. 'Yan barka suna shigowa daga kasuwa, daga kan babur, kowa ya miƙo hannu a ba shi jariri, wata ma ta sumbace shi a baki tana fama da mura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma cibiyar da ba ta bushe ba da makogwaron da aka yanka tsagogi ne da suka nufi jini kai tsaye. Cire belu ba shi da wani amfani ga lafiya, ba ya hana amai, ba ya ƙara shan nono, a bar shi kawai. Cibiya kuwa maganinta ɗaya ne, man kulohekzidin na kashi 4 cikin 100 wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi: a wanke hannu da sabulu, a shafa a kan kututturen da fatar da ke zagaye da shi tun ranar haihuwa, sau ɗaya kullum har ta faɗi, a naɗe kunzugu ƙasa da ita ta sha iska. Kada a kuskura ya kusanci ido. An samu jarirai da suka makance a ƙasashen Afirka saboda an ɗauke shi maganin ido, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2019.

To yaya ake gane jaririn da ya kamu? Alamar farko kusan kullum a nono take. Jaririn da jiya yake kama nono da ƙarfi, yau ya kama ya saki, ko ya tsotsa sau biyu ya yi laƙwas. Sai a ce ai yaron kirki ne, ba ya rigima, barci yake. Jaririn da ya wuce awa huɗu bai nemi nono ba, aka tashe shi ya kasa farkawa sosai, ba haƙuri ba ne, ciwo ne. Wani kuma akasin haka yake yi, kuka mai tsini kamar ana tsikararsa, kuma maimakon ya lafa idan an ɗauke shi sai ya ƙaru, domin motsin yana taɓa inda ke masa ciwo.

Zafin jiki ma yana ruɗarwa. Na lafiya yana tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'auni. Idan ya kai 38 haɗari ne, amma jarirai da yawa, musamman bakwaini, sanyi jikinsu ke yi, ya sauka ƙasa da 35.5, uwa ta taɓa ta ce alhamdulillahi babu zazzaɓi. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, ma'aunin hammata kuwa kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ɗaya cikin kayan barka ba. Numfashi a ƙirga shi minti guda cur, jariri yana kwance shiru. Sau 60 ko fiye, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa sosai, ko yana gurnani, ko numfashin yana ɗaukewa, duk alamun haɗari ne.

Jijjigar jariri ba irin ta babban yaro ba ce da kowa zai gani ya yi salati. Ido ne zai kafe ya karkata gefe guda na 'yan daƙiƙu. Ko leɓe yana motsi kamar yana tsotso alhali babu nono a bakin. Ko ƙafafu suna juyawa kamar mai tuƙa keke, ko hannu ɗaya yana fizga a jere. Hanyar rarrabewa da rawar jiki ta yau da kullum mai sauƙi ce: a riƙe gaɓar a hankali. Idan rawar jiki ce za ta tsaya, idan jijjiga ce za a ci gaba da jin fizgar a cikin hannu. Maɗiga kuma a duba ta jariri yana tallafe a zaune ba ya kuka. Idan ta kumburo ta yi tauri, ciwon ya yi nisa. Rashin kumburinta ba shaidar lafiya ba ne, domin jarirai da yawa masu sanƙarau maɗigarsu lafiya lau take a kwanakin farko.

Ɗaya tak daga cikin waɗannan ya isa a kama hanya a ranar, ko da dare ne. Inda ake asarar lokaci sananne ne. A jira maigida ya dawo daga kasuwa, a jira a ga bayan taron suna, a ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, a aika yaro kemis ya karɓo farasitamol da ruwan ciwon ciki da na zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata ba, a ɗauke shi ƙwayar cuta ce a jini har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Maganin sha na kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ɓarna biyu yake yi: ba ya isa ƙwaƙwalwa da ƙarfin da zai warkar, amma ya isa ya hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji, sai likita ya rasa sanin abokin faɗansa. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya, a yi su a cikin mota.

Ga ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu 255 na Jihar Kaduna, aikinku kafin turawa gaba yana da nauyi. A auna jariri tsirara a sikelin jarirai, a yi masa allurar farko ta ampisilin miligiram 50 a kowane kilo tare da jentamaisin a cinya, dukkansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, a rubuta adadi da lokaci a takardar turawa. A sa shi a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su, a sa masa hula, a ci gaba da ba shi nono ko a tatsa a ba shi da ɗan kofi idan yana iya haɗiya, domin sanyi da faɗuwar sukari na kashe jariri tsakanin Birnin Gwari ko Kubau da babban asibiti kafin ƙwayar cutar ta gama nata. Tsarin nan na 2015 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, na allurar jentamaisin da amoksisilin na sha idan turawa ta gagara, an yi shi ne don larura. Ba maganin sanƙarau ba ne, kuma jaririn da ke jijjiga ko ya daina shan nono gaba ɗaya wurinsa gadon asibiti.

Mun zo kan abin da ya fi damun mu, wato ɗiban ruwan baya. Ba a iya raba jaririn da ciwon ya tsaya masa a jini da wanda ya haura masa ƙwaƙwalwa ta hanyar kallo, alamunsu iri ɗaya ne. Gwajin jini ma bai wadatar ba. Binciken da aka yi a Amurka a kan jarirai ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu sanƙarau, ba a samu ƙwayar a jininsu ba. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Ciwon jini kaɗai ana yi masa allura kwana 7 zuwa 10. Sanƙarau kwana 14 ne mafi ƙaranci idan Istireftokokus ne, kwana 21 idan irin su I-kolai da Kilebsiyela ne, ko idan ba a gano ƙwayar ba. Jaririn da ba a ɗibi ruwansa ba, aka yi masa kwana bakwai, ya murmure ya kama nono aka sallame shi, an kashe maciji ne ba a sare kai ba. Shi ne wanda ke dawowa bayan mako uku da kai ya kumbura, idanu sun faɗa ƙasa kamar rana na faɗuwa.

Iyaye da yawa suna ƙin yarda, suna cewa allurar baya tana gurgunta yaro ko ta kashe shi. Tsoron yana da tushe, amma an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. An saba kai yaro a makare, a ɗibi ruwan yana gargara, ya rasu ko ya tashi da naƙasa, sai a ce allurar ce, alhali ciwon ne ya riga ya ci. Ga yadda ake yi, domin wanda ya san abu ba ya tsoronsa kamar wanda aka rufe wa ƙofa. Ana kwantar da jariri a gefe ko a zaunar da shi, mai taimako ya lanƙwasa ƙugunsa kaɗan ba tare da danne wuya ba, don kada numfashi ya toshe. A wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya bushe. A laluba saman ƙasusuwan ƙugu biyu, layin da ya haɗa su shi ne wurin, wajen ƙashin baya na huɗu da na biyar na ƙugu. Lakar kanta ta ƙare sama da nan, saboda haka siririyar allurar cikin ruwa take shiga, ba cikin laka ba. Ruwan yana ɗigowa da kansa, ba a zuƙo shi da sirinji. Mililita ɗaya zuwa biyu ake tara a ƙananan kwalabe, bai kai rabin cokalin shayi ba, kuma jiki yana mayar da shi cikin awanni. Na lafiya garau yake, a jariri yakan ɗan yi rawaya. Na sanƙarau yakan fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa, ko da yake fitowarsa garau ba ta wanke shi ba sai an duba a madubin gwaji.

Akwai lokacin da ake jinkirtawa: jariri yana numfashi da ƙyar, jini ba ya daskarewa, ko akwai ƙurji a wurin. A nan a fara magani nan take da adadin da ake ba mai sanƙarau, a ɗiba bayan kwana ɗaya ko biyu idan ya ɗan farfaɗo, domin ƙwayoyin farin jini suna nan a ruwan na kwanaki ko da ƙwayar cutar ta ƙi tsirowa. Abin da ba ya halatta shi ne a jinkirta magani ana jiran gwaji, ko a jinkirta gwajin har a manta da shi.

Ɗakin gwaji ma wuri ne da aiki ke lalacewa shiru. Ruwan baya ba ya jira. Idan ya yi awa biyu a kan tebur, kusan rabin ƙwayoyin farin jinin da za a ƙirga na iya narkewa, sakamako ya fito kamar lafiya. A kai shi cikin rabin awa, kada a sa a firji. A auna sukarin jini daf da ɗiba, domin na ruwan ana kwatanta shi ne da na jini: idan bai kai rabi ba, alama ce. Ƙwayoyin farin jini sama da 20 a kowace mikrolita, da furotin da ya haura miligiram 150 a desilita, suna nuni ga sanƙarau. Jinin da za a shuka don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro kuma kada ya gaza mililita ɗaya, a ɗibe shi kafin allurar farko in da hali.

Maganin farko a littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara a asibiti shi ne ampisilin da jentamaisin na mako uku, ko sefotaksim ko seftiriyazon tare da jentamaisin. Ƙwararru da yawa suna ninka ampisilin idan sanƙarau ya tabbata, saboda kaɗan daga abin da ke cikin jini ne ke tsallakawa ƙwaƙwalwa, jentamaisin kuwa da ƙyar yake tsallakawa, shi ya sa ba a barinsa shi kaɗai. Seftiriyazon yana da sharaɗi biyu da ake yawan mantawa: ba a ba jariri mai shawara, domin yana sakin sinadarin shawarar ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma ba a haɗa shi da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam. Lissafi kuwa a yi shi da alƙalami. Jariri mai kilo 3 ɗan kwana goma, jentamaisin ɗinsa miligiram 7.5 a kilo ne sau ɗaya a rana, wato 22.5. Kwalbar da ke kasuwa miligiram 80 ce a mililita 2. Idan aka ƙara ruwan allura ta zama mililita 8, kowace mililita tana ɗauke da 10, sai a ja 2.25. Wanda ya ja da ka ya ba da rabin kwalba ya kusa ninka adadin, kuma kunne da ƙoda ne za su biya. A makon farko adadin ya fi haka ƙanƙanta, 5 a kilo, ko 3 ga mai ƙarancin nauyi. Idan jijjiga ta zo, a fara duba sukari. Idan ya yi ƙasa da milimol 2.6 a lita a ba da ruwan gulukos na kashi 10, mililita 2 a kilo, sannan maganin jijjiga finobabiton miligiram 20 a kilo a hankali, ana lura da numfashi. Jaririn da ya kwana biyu ko uku a kan magani bai sauya ba, a sake ɗiban ruwan, a duba ƙwaƙwalwa da na'urar hoto ta maɗiga, a kuma yi zargin ƙwaya mai taurin kai wadda sai irin su meropenem.

Waɗannan masu taurin kai, mu faɗi gaskiya, a asibiti aka fi ɗaukarsu. Jarirai biyu a kwalbar ɗumama jariri ɗaya, famfo ba ruwa, ledar ƙarin ruwa ɗaya ana ɗiba wa jarirai biyar, kanula ta kwana biyar wurin ya yi ja ba wanda ya ɗaga filasta ya duba. Wanke hannu kafin taɓa kowane jariri da bayansa ya fi kowane sabon magani arha, kuma uwa tana da haƙƙin ta tambayi duk wanda ya nufo ɗanta ko ya wanke.

Mako uku a asibiti ba wasa ba ne ga mai neman na yau da gobe. Ampisilin sau uku a rana na kwana 21 allura 63 ke nan, ban da kanula, sirinji, abincin mai jinya da yaran da aka bari a gida. Shi ya sa a kwana na takwas, jariri ya buɗe ido yana shan nono, uba yakan zo ya ce a ba shi takarda ya sa hannu, ko a mayar da maganin na sha. Babu maganin sha da ke maye gurbin allura a sanƙarau na jariri. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da hukumar inshorar lafiya ta jihar, KADCHMA, su sa cikakken maganin kwana 21 da gwajin ruwan baya cikin abin da ake ɗauke wa iyaye, su kuma tabbatar da allurar ɗiban ruwa mai girman jarirai da ɗakin gwajin da ke aiki da dare a manyan asibitocin jiha, domin ba kowa ne zai iya kaiwa asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 suna rasuwa a watan farko, kuma ciwon ƙwayoyin cuta yana cikin manyan dalilai uku.

Sallama ba ita ce ƙarshen aiki ba. Kan jariri yana da kewayen kusan santimita 34 zuwa 35 a haihuwa, yana ƙaruwa da kamar 2 a wata cikin watanni ukun farko. A auna da tef daga goshi zuwa tudun ƙeya lokacin jinya, sannan kowane mako bayan sallama, a rubuta a kati. Idan yana gudu fiye da haka, ruwa ne ke taruwa, kuma likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna iya sa masa bututu kafin ɓarnar ta yi yawa. Kunne shi ne ɗayan. Ciwon da maganin duka suna iya taɓa shi, kuma tafa hannu a kusa da jariri ba gwaji ba ne. Mu a Kaduna Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a cikin garinmu take. Duk jaririn da ya tashi daga sanƙarau a rubuta masa takardar gwajin ji tun ranar sallama, a kai shi cikin wata guda, domin wanda aka gano kurumtarsa aka fara taimaka masa kafin wata shida ya fi samun damar koyon magana. A kuma ci gaba da rigakafinsa na mako shida yadda aka tsara, a dawo da shi asibitin yara a wata uku, wata shida da shekara guda a duba riƙon wuya, zama da gani.

Wassalam.

Wasu likitocin yara da ma'aikatan jinya na sashen jarirai,
Kaduna.